Kwale-kwale ko kayak: wanne ya fi wa mai ɗaukar hoton tsuntsaye?

Bakanon da ke son hoton tsuntsayen ruwa, madatsar Tiga ko ta Challawa ce kusa da shi. Mai ƙarin himma ya wuce fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu. Saura abin hawa.

Kwale-kwale akwai fili. Jakar kyamara na gabanka, masunci na tuƙi a baya, hannayenka biyu na kan aiki. Aibinsa dai kana zaune sama-sama, tsuntsu na hango ka tun daga nesa, iska kuma na juya shi yadda ta ga dama.

Kayak kuwa, wato siririn ƙaramin jirgin ruwa wanda galibi mutum ɗaya ke shiga, ƙasa-ƙasa yake, kusan daidai da idon agwagwar ruwa, kuma nan ne hoto ke yin kyau. Yana ratsa ciyawa ba hayaniya. Amma kai ne matuƙi, kai ne mai hoto: kafin ka ajiye filafili, balbela ta tashi. Ga ruwan filafilin yana ɗiga kan gilashin kyamarar da ka saya da tsada.

Sabon shiga, ni dai kwale-kwale zan ce masa. A bakin ruwa za ku daidaita da masunci, kayak kuwa sai an sha nema a Kano.