Mars ko Venus: wanne ya fi dacewa da bincike?

Iskar duniyar Venus da ta duniyar Mars duk mafi yawanta iskar kabon ce, amma bambancinsu a doron ƙasarsu ya yi nisa ƙwarai. A Venus zafi yana kaiwa kusan digiri 465 a ma'aunin Salshiyas, nauyin iskarta ya ninka na duniyarmu kusan sau 90, gajimarenta kuma na ruwan asid ne. Shi ya sa kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyat, wanda ya sauka a 1982, minti 127 kawai ya yi yana aiki.

Mars kuwa sanyi ne da ƙura, iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Duk da haka motar bincike ta Opportunity, mai amfani da hasken rana, ta yi aiki a Mars daga 2004 har guguwar ƙura ta 2018 ta rufe mata hasken rana.

Masu goyon bayan Venus suna da hujja mai ƙarfi, domin a tsayin kimanin kilomita 50 a sararin samaniyarta zafi da nauyin iska sun yi kusa da namu, kuma balan-balan na bincike da kumbunan Vega suka kai sun yi shawagi a can a 1985. A ganina, matuƙar ana son taɓa duwatsu da ƙasa, Mars ce ta fi dacewa.