Wasiƙa daga Birmingham: layin waya na fam ɗaya da idon da ke bayansa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai hunturu ya kama, tun ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Ka ce in rubuto maka yadda kaya da hidima suke a nan, tunda babban ɗanka na shirin zuwa karatu. Zan fara da layin waya, domin a saƙonka na ƙarshe kukan layinka kake yi, wanda aka toshe saboda ba a haɗa shi da NIN daidai ba, har ka yi kwana biyu kana bin sahu a rana.

A nan Birtaniya, ranar da na sauka, na shiga wani ɗan kanti na ba da fam ɗaya aka miƙo mini layi. Ba a tambayi sunana ba, ba a ɗauki hotona ko zanen yatsana ba. Na ƙara fam goma na sa kuɗin wata. Kai, ƙasar ma ba ta da katin ɗan ƙasa na dole irin namu. An yi dokarsa a 2006, jama'a suka ƙi, gwamnatin da ta hau a 2010 ta soke ta, aka lalata bayanan da aka riga aka tara. A raina na ce, lallai waɗannan mutane sun san darajar sirri. Sai da na zauna na gane ba a nan gizo ke saƙa ba. Mu a gida, a bakin ƙofa ake tare ka a ce kawo takardarka. Su a nan ƙofa a buɗe take, amma kusan duk takun da ka yi bayan ka shiga a rubuce yake.

Ka ɗauki cefane. Manyan kantuna suna sa farashi biyu a kan kaya ɗaya: na mai katin kantin da na wanda ba shi da shi. Man girki ko shinkafa sai ka ga bambanci mai yawa. Katin kyauta ne, amma a kansa ake rubuta abin da ka saya, da ranar, da reshen da ka shiga. Wanda ya duba nawa zai san lokacin da azumi ya kama, saboda dabino da madara. Kwatanta wannan da Kasuwar Rimi, inda za ka yi ciniki, ka biya, ka tafi, ba wanda ya san da zuwanka sai mai kayan. Tsabar kuɗi kuma tana ja da baya, akwai wuraren shan shayi da ba sa karɓarta sam. Hanya ma haka. Tun watan Yuni na 2021, tsohuwar mota mai hayaƙi tana biyan fam takwas a rana in ta shiga tsakiyar Birmingham, kuma ba shinge ba jami'i. Kamara ce ke karanta lambar motar, in ba ka biya ba takardar tara ta same ka har gida. Gaskiya tsarin ya fi na shingen hanya daɗi, ba mai ɓata maka lokaci, ba mai neman na goro. Amma 'yan sanda ma suna da irin waɗannan kamarori a manyan hanyoyi, kuma suna ajiye bayanin motocin da suka wuce har shekara guda, da mai laifi da marar laifi.

Babbar dokar da ke bayan harkar waya da intanet ita ce Dokar Ikon Bincike ta 2016, wadda Theresa May ta kawo tun tana ministar cikin gida. Ta ba gwamnati ikon umartar kamfanonin sadarwa su ajiye tarihin shafukan da mutum ya shiga har tsawon wata 12. Ba abin da ka karanta a ciki ake ajiyewa ba, sunan wurin ne da lokacin. To amma Yaya, wanda ya san ƙofar da ka ƙwanƙwasa ai ya san rabin abin da ya kai ka. In na likitan ƙwaƙwalwa ce, ko ta lauyan saki, ko ta wani malami, magana ta ƙare. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin masu iya neman bayanan: hukumomi sama da arba'in, har da ta haraji, da ta fansho, da ta kula da ingancin abinci. An sa sharaɗin cewa kafin a saurari wayar mutum sai minista ya sa hannu, sannan alƙali ya amince. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ba don Allah aka same shi ba. Sai da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya fasa ƙwai a 2013, ya nuna yadda hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ke kwasar saƙonni daga wayoyin da ke ƙarƙashin teku, aka yi ta shari'a, har Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke a 2021 cewa tsohon tsarin ya keta haƙƙin mutane.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. A watan Fabrairu na 2025 kamfanin Apple ya janye wa mutanen Birtaniya wani tsari na kulle bayanai wanda shi kansa kamfanin ba ya iya buɗewa, bayan rahotanni sun ce gwamnati ta nemi a ba ta hanyar shiga. Wato irin wayar da ke hannun yaro a Farm Centre tana da kariyar da tawa ta nan ba ta da ita, ga shi ni ne nake ƙasar da ake cewa ta ci gaba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne a matsayinmu na baƙi kuma Musulmi. Ba nisa da inda nake zaune akwai unguwannin Washwood Heath da Sparkbrook, waɗanda galibin mazaunansu Musulmi ne. A 2010 aka kafa musu kamarori sama da 200, wasu a ɓoye, aka ce don maganin ɓarayi ne. Daga baya ta fito cewa kuɗin daga asusun yaƙi da ta'addanci ya fito. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, aka lulluɓe kamarorin da leda, shugaban 'yan sandan yankin ya ba da haƙuri, a 2011 aka cire su. Dattawan masallacinmu har yau suna ba da labarin, kuma cikin muryarsu kana jin abu biyu: ciwon an mai da su abin zargi, da alfaharin sun yi nasara.

Akwai kuma shirin da ake kira Prevent. Tun 2015 doka ta ɗora wa makarantu da asibitoci da jami'o'i nauyin lura da wanda ake tsoron zai karkata ga tsattsauran ra'ayi. Ni da na ga abin da Boko Haram ta yi mana, ba zan taɓa cewa kada a tsare yara daga masu ɓatar da su ba. Amma na ga iyaye suna jan kunnen 'ya'yansu kada su ambaci Falasɗinu a aji, kada su yi tambaya a kan jihadi ko da a darasin tarihi ne. Yaron da ya koyi rufe baki a gaban malaminsa, wa zai tambaya? Intanet zai je, inda masu ɓatarwar suke jira.

Duk da haka ba zan ɓoye maka alherinsu ba. A nan kana da ikon rubuta wa kowane kamfani ko ofis ka ce a ba ka duk abin da aka ajiye a kanka, kuma dole a ba ka cikin wata ɗaya, kyauta. Na gwada da wani kamfanin hayar gidaje da na taɓa nema a wurinsu. Suka aiko mini da kwafin fasfona da bayanin albashina da har yanzu suke riƙe da su, na ce a goge, aka goge, aka rubuto mini cewa an yi. In sun ƙi, akwai ofishin kwamishinan bayanai da ke iya cin su tara.

Mu a gida ba doka muka rasa ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya. An sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a watan Yuni na 2023, an kafa mata hukuma. A ɗaya gefen kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta ce kamfanoni su ajiye bayanan sadarwa shekara biyu, wato ninkin na nan. Mun ba da yatsa a BVN, mun ba da a NIN, tun Disamba 2020 muke ta haɗa layi. Abin da ke ci mini rai shi ne, an karɓi duk wannan da sunan tsaro, amma masu garkuwa da mutane na ci gaba da kiran iyalai ta waya suna cinikin fansa. A Satumba 2021 ma sai da aka kashe layin Zamfara gaba ɗaya, mai haƙuri da mai laifi. Kuma ka tuna yadda manhajojin ba da rance suka riƙa aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, saboda bashin da bai taka kara ya karya ba.

Mu da aka raina a gidan da baƙo ke tsayawa a zaure sai an yi masa iso, muka haddace "wa la tajassasu" a Suratul Hujurati tun muna allo, bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan ba.

Game da ɗan naka, ga abin da za ka gaya masa. Dokar Ta'addanci ta 2000 ta ba jami'ai ikon tsare matafiyi a filin jirgi har awa shida ba sai suna zarginsa da wani abu ba, kuma ƙin ba su lambar buɗe waya laifi ne. Yawancin mutane suna wucewa lafiya, ni ma ban taɓa gamuwa da haka ba, amma ya sani. Ya fita daga zaurukan WhatsApp ɗin da ake turo bidiyon yanka da na 'yan bindiga, ya goge waɗanda suka sauka a wayarsa ba da saninsa ba. Takardar izinin zama yanzu ta koma ta intanet, don haka ya riƙe imel ɗinsa da kyau, da shi zai shiga asusun da zai nuna wa mai gida da mai aiki cewa yana da izini. Kai kuma don Allah ka daina tura hoton takardar NIN ɗin Inna a zauren dangi, ka ba wanda yake buƙata hannu da hannu.

A gaishe mini da Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hannun mai zuwa ƙarshen wata. Yaron ya taho mini da kuka da daddawa, amma ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo.

Ƙaninka.