VideoPass na MotoGP: Abin da Rumbun Tsofaffin Tsere Yake Ƙarawa a Gardamar Gwarzon Babur

Gardamar wane ne ya fi kowa a tarihin tseren babura ta sake ɗaukar zafi tun da Marc Marquez ya lashe kambun duniya na 2025 a filin Motegi na ƙasar Japan, domin da wannan nasara ce ya kamo Valentino Rossi: kowannensu yana da kambu 9 a dukkan rukunai, 7 daga ciki a babban rukuni. Magoya bayan Rossi mai lamba 46 suna cewa gwaninsu ne ya fito da wasan idon duniya, na Marquez mai lamba 93 suna cewa babu wanda ya taɓa sarrafa babur kamar nasu, dattawan 'yan kallo kuwa su yi murmushi su ambaci Giacomo Agostini da kambunsa 15. Mafi yawan wannan musu da alƙaluma ake yin sa, sai kuma guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin da kowane ɓangare ya tsinto don ƙarfafa hujjarsa. Da wannan ma'auni na auna VideoPass, wato tashar kallo ta intanet mallakar masu shirya MotoGP, gasar tseren babura ta duniya: shin kuɗin da mutum zai biya zai sa ya shiga gardamar da idonsa, maimakon da jita-jita?

Abin da mai biya yake samu a fili yake. Ana nuna masa kowane zama na ƙarshen mako kai tsaye, tun daga atisaye da neman gurbin tashi har zuwa tseren ranar Lahadi, a babban rukuni na MotoGP da ƙananan rukunan Moto2 da Moto3, kuma yana iya komawa ya kalla daga baya a waya ko kwamfuta ko talabijin. Akwai kyamarorin da aka maƙala a jikin babura, akwai ta jirgi mai saukar ungulu, akwai damar raba allo domin a bi hoto fiye da ɗaya a lokaci guda. Duk waɗannan suna da amfani ga mai bin kakar bana. Amma abin da ya bambanta tashar da kallon talabijin na yau da kullum shi ne rumbunta, wanda ya tara tsere-tsere kaka bayan kaka tun daga 1992, shekarar da kamfanin Dorna na ƙasar Sifaniya ya fara riƙe haƙƙin nuna gasar.

Shekarar 1992 wuri ne mai kyau na farawa, ko da ba da gangan aka zaɓe ta ba, domin ita ce shekarar da ta fi bayyana ko wane ne Mick Doohan. Matasan magoya baya sun san shi a takarda: kambu 5 a jere daga 1994 zuwa 1998 a kan Honda NSR500, da nasara 12 cikin tsere 15 a 1997. Takarda ba ta nuna cewa ɗan Ostireliyan ya ci tsere huɗu na farkon 1992, ya yi mummunan haɗari a Assen ta ƙasar Holan har aka kusa yanke masa ƙafar dama, likita Claudio Costa ya ɗinke ƙafafunsa biyu wuri guda domin jini ya rinƙa ratsa mai ciwon, sannan ya dawo tsere biyu na ƙarshe da ƙyar yake takawa, Wayne Rainey ya ƙwace kambun da tazarar maki 4 kacal. Wanda ya kalli tsere-tseren shekarun da suka biyo baya, yana sane da cewa da babban yatsan hannu mutumin yake taka birkin baya saboda ƙafar ta daina aikin, zai fahimci dalilin da ya sa waɗanda suka ga zamanin ba sa yarda a tsallake sunansa. Baburan 500cc na babban rukunin lokacin ba su da na'urorin lantarki irin na yau masu hana tayar baya sulɓewa, kuma a bidiyon ana ganin yadda babur yake cilla mahayinsa sama idan hannu ya ɗan zarce a totur. Hoton waɗannan shekaru na tsohon talabijin ne, mai ƙunci da dishi-dishi, kuma babu abin da za a iya yi game da hakan.

A kan Rossi ne rumbun ya fi wadata, domin rayuwarsa ta tsere kaf tana ciki, daga fitowarsa a rukunin 125cc a 1996 har zuwa ritayarsa a Valencia a 2021. Masu kushe shi sukan ce babur ne ya ɗauke shi a farkon shekarun 2000, lokacin da Honda ba ta da sa'a. Amsar tana cikin tseren Welkom na Afirka ta Kudu a 2004. Ya bar Honda yana zakara, ya koma Yamaha da ba ta ci ko tsere ɗaya ba a 2003, ya tafi da babban makanikensa Jeremy Burgess (wanda shi ne ya yi wa Doohan aiki a baya), kuma a tseren farko ya doke Max Biaggi bayan sun kwashe zagayen duka suna musayar gaba. A taƙaitaccen bidiyo wucewar ƙarshe kawai ake gani. A cikakken tsere kuwa ana ganin yadda yake auna abokin hamayya zagaye bayan zagaye, yana gwada kwanar da zai kai hari tun kafin lokacin ya yi. Haka abin yake a Laguna Seca a 2008, inda Casey Stoner ya fi shi gudu a dukkan atisaye amma Rossi ya hana shi sakat har ya kai shi ga kuskure, da kuma Catalunya a 2009, inda ya wuce Jorge Lorenzo a kwanar ƙarshe wadda ba a saba wucewa a cikinta ba. A ganina wannan ita ce hujjar Rossi mafi ƙarfi, ta fi nasarorinsa 89 a babban rukuni nauyi: ya sha cin tseren da ba shi ne mafi sauri a cikinsa ba.

Sai dai rumbun bai yi masa kara ba. Shekarunsa biyu a Ducati, 2011 da 2012, suna nan cikakku, kuma babu nasara ko ɗaya a cikinsu. A nan ne darajar Stoner take ƙaruwa a idon mai kallo. Sau biyu kawai ya zama zakara, a 2007 da Ducati da kuma 2011 da Honda, ya ajiye hular kwano a ƙarshen 2012 yana da shekara 27, don haka masu ƙirga kambu ba sa sa shi a sahun gaba. Amma a 2007 ya ci tsere 10 a kan babur ɗin da abokin aikinsa Loris Capirossi ya ci ɗaya tak da shi, Marco Melandri da ya zo a 2008 kuwa ko kusa bai kai ba. Duk wanda yake so ya gane abin da ake nufi da baiwa, ya buɗe kowane tseren Phillip Island na Ostireliya daga 2007 zuwa 2012, waɗanda Stoner ya cinye su shida a jere, ya lura da yadda yake sulɓar da tayar baya da gangan a kwana ta uku, wadda yanzu take ɗauke da sunansa.

Babu makawa mai biyan kuɗin zai nemi tseren Sepang na Maleshiya na 2015, domin a nan ne gabar magoya bayan Rossi da na Marquez ta samo asali. Labarin sananne ne: Rossi ya zargi Marquez da taimakon Lorenzo, abokin hamayyarsa a neman kambun shekarar, a taron 'yan jarida kafin tseren na Maleshiya, suka yi ta gwabzawa a zagayen farko, a zagaye na bakwai Rossi ya tura shi gefen kwana ta 14, suka haɗu, Marquez ya faɗi. Hukuncin da aka yanke ya sa Rossi ya tashi daga ƙarshen layi a Valencia, ya ƙare na huɗu, Lorenzo ya ɗauki kambun da tazarar maki 5. Zan yi ƙarya idan na ce bidiyon yana raba wannan gardama. Wanda ya zo da imanin cewa shuri ne zai ga shuri, wanda ya zo da imanin cewa ƙafar zamewa ta yi daga mataki bayan karon zai ga hakan. Abin da cikakken tseren yake ƙarawa shi ne zagaye shidan da suka gabata, waɗanda ba a cika yaɗa su ba, kuma wanda ya kalle su da zuciya ɗaya da wuya ya wanke ɗayansu tas. Idan aka haɗa da tseren Phillip Island na mako guda kafin nan, wanda a kansa zargin ya ginu kuma Marquez ne ya ci shi ta hanyar wuce Lorenzo a zagayen ƙarshe, sai mutum ya ga zargin yana buƙatar hujja fiye da yadda masu riƙe da shi suke ɗauka.

Game da Marquez kansa, amfanin tashar ya fi fitowa a zaman atisaye, abin da gidajen talabijin da yawa ba sa damuwa da shi. Alƙalumansa sun isa su yi magana: zakara a shekararsa ta farko a 2013 yana da shekara 20, nasara 10 a jere a farkon 2014, maki 420 a 2019 inda ya zo na ɗaya ko na biyu a kowane tsere in ban da Austin. Amma hanyarsa ta aiki a ranakun Juma'a da Asabar take. Yakan matsa wa tayar gaba har ta kufce domin ya san iyakarta, wani lokaci ya tare babur da gwiwa da gwiwar hannu ya tashe shi, wani lokaci ya sha ƙasa. A 2017 kaɗai ya faɗi sau 27 kuma ya zama zakara. Masu sukarsa suna kiran wannan ganganci, kuma suna da abin nunawa, kamar tseren Ajantina na 2018 da ya kayar da Rossi. Karayar da ya samu a dantsen dama a Jerez a 2020, tiyata huɗu da suka biyo baya, barin Honda a ƙarshen 2023, da dawowa kan kambu bayan shekara shida, sun sanya labarinsa kusa da na Doohan fiye da na Rossi, kuma rumbun yana ba da damar a kalli mutanen biyu gefe da gefe.

Babban giɓin tashar shi ne abin da ya gabaci 1992. An fara gasar duniya a 1949, saboda haka sama da shekara arba'in suna wajen wannan jeri na kaka-kaka. Ba laifin masu tashar ba ne, domin ba a ɗauki tsere-tseren wancan zamani yadda ake ɗauka yau ba, amma sakamakon shi ne gardamar tana karkata zuwa ga waɗanda ake iya gani. Agostini yana da nasara 122, ya ci dukkan tsere 10 na 500cc a 1968, kuma yakan hau 350cc da 500cc a rana guda. Masu rage masa daraja suna cewa bayan janyewar Honda a ƙarshen 1967, MV Agusta da yake hawa ba ta da abokin karawa na shekaru, kuma akwai gaskiya a ciki. Masu kare shi suna tuna cewa ya doke Mike Hailwood a 1966 da 1967, ya koma Yamaha ya ci kambun 1975, kuma ya yi da yawa daga cikin tsere-tseren a kan titunan gari masu bishiyoyi da katangun dutse, har ya daina zuwa tseren tsibirin Man bayan mutuwar abokinsa Gilberto Parlotti a 1972. Mai VideoPass ba zai iya auna waɗannan hujjoji da idonsa kamar yadda zai auna na Rossi ba. Haka Kenny Roberts da kambunsa uku daga 1978 zuwa 1980, da mafi yawan shekarun Eddie Lawson.

Wani abin da dogon kallo yake koyarwa shi ne cewa alƙaluman ba kwano ɗaya aka auna su da shi ba. An koma inji mai bugu huɗu a 2002, an rage shi zuwa 800cc a 2007, an mayar da shi 1000cc a 2012. Kamfanin taya ɗaya ya fara bai wa kowa tun 2009, an daidaita manhajar lantarki a 2016, an ƙara gajeren tseren ranar Asabar a 2023, kuma kakar 2025 tana da zango 22. Mahayin yau yana da damar tara nasara da maki fiye da na da, amma tazarar da ke tsakanin baburan gaba da na baya ta ragu ƙwarai.

Sharhin kai tsaye da Turanci ake yin sa, wanda hakan cikas ne ga wasu, ko da yake lokutan zagaye da ake nunawa a allo suna rage matsalar. Bidiyo mai tsawon minti arba'in da ɗoriya yana cin data sosai, don haka mai kallo a waya ya rage ingancin hoto idan tsohon tsere ne, tun da ba zai rasa komai ba. Kuɗin shekara ba ƙarami ba ne, kuma wanda sakamakon Lahadi kawai yake so zai wadatu da taƙaitattun bidiyon da ake sakewa kyauta. Wanda na ga kuɗin zai yi masa rana shi ne mai son ya zauna ya kalli kaka guda daga farko zuwa ƙarshe, musamman a watannin Disamba da Janairu da ba a tsere. Irin wannan mutum ya fara da 1992, ya tsallaka zuwa 2006, shekarar da Nicky Hayden ya karɓe kambu daga hannun Rossi a tseren ƙarshe, sannan ya kalli 2015 a jere ba tare da ya fara da Sepang ba.