Kurman da ke jin zuciyar mutane

Littafin Carl-Johan Vallgren mai suna Den vidunderliga kärlekens historia ya fito a Suwidin a 2002, kuma a shekarar ya ci lambar yabo ta August, wadda ke sahun gaba a adabin ƙasar. Akwai fassararsa ta Turanci.

Labarin ya buɗe a 1813, a wani gidan karuwai a Königsberg, birnin da yau ake kira Kaliningrad a Rasha. A dare ɗaya aka haifi jarirai biyu: Henriette Vogel, kyakkyawa son kowa, da Hercule Barfuss, wada, kurma kuma bebe, mai tsagaggen leɓe da 'yan guntayen hannaye da ba sa aiki. Da yatsun ƙafa yake rubutu, da su yake kiɗa.

Gwanintar marubucin tana cikin baiwar da ya ba yaron: ba ya jin sauti, amma yana jin abin da ke ran mutum. Wanda ya yi masa murmushi alhali ƙyama ta cika masa ciki, Hercule ya riga ya ji. Ka ga dalilin da ya sa ƙaunar Henriette take da nauyi: ya leƙa zuciyarta bai tarar da ƙyama ba, bai kuma tarar da tausayin raini ba. Shafukan ƙuruciyarsu su ne zumar littafin, kada a karanta su da gaggawa.

Bayan an raba su, sai gidan mahaukata, gidan 'yan zuhudu, Roma, da ayarin masu nuna nakasassu don kuɗi. Nan tafiyar ta ɗan ja, garuruwa da sunaye suka yi yawa.

Inda littafin ya gaza mini wuri biyu ne. Ba a ba Henriette murya isasshiya ba, kullum ta idon Hercule muke ganinta. Sannan ramuwar gayyar da ya shiga bayan mutuwarta ta yi tsawo, kisa bayan kisa har imanin mai karatu ya fara dushewa. Saboda wannan da yanayin gidan da aka haife su, ba littafin yara ba ne.

Ƙarshen ya biya bashin: tsibirin Martha's Vineyard a Amurka, inda a tarihi na gaskiya kurumta ta gado ta yawaita har masu ji ma suke maganar hannu. Can ne Hercule ya zama mutum cikin mutane, ba abin kallo ba.