Takalmin tattakin azahar: kambas, sandal ko sau-ciki?

Ma'aikaci a Kaduna yana da hutun da bai wuce awa ɗaya ba, a ciki zai yi sallar azahar, ya ci abinci, in da saura ya ɗan taka. Wannan sauran ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kowace ranar aiki. Tafiya bayan cin abinci kuma tana sa tsoka ta ja sukarin da ya shiga jini, ta rage kasalar nan da ke saukar wa mutum bayan shinkafa da wake. Sau da yawa ba lalaci ke hana mutane ba, abin da ke ƙafarsu ne.

Kambas shi ne kowa zai fara kawowa, kuma ta fuskar lafiyar ƙafa babu na biyunsa: sosonsa na shanye bugun kwalta, yana riƙe dunduniya, ba shi da nauyi. Amma ka tuna lokacin tafiyar. Za ka kwance igiya, ka cire safa, ka yi alwala, ka mayar da ƙafa da danshinta, sannan ka sake ɗaurewa. Ranar farko da daɗi, zuwa mako na biyu ka fara jin ƙyuya. Ga shi bai cika shiga da shadda da hula ba. In kambas ɗin za ka saya, nemi marar igiya, baƙi ko ruwan ƙasa, ka ajiye shi ƙarƙashin teburin ofis.

A nan ne maganar gwanjo ke shigowa. A Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana samun na gwanjo da ya fi sabo mai arha ƙarko, sai dai kada ƙyallin samansa ya ruɗe ka, juya shi ka dubi ƙasa. Soson kambas yana mutuwa bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800, ko da saman na nan kamar jiya aka ɗinka. Danna shi da babban yatsa, in bai taso ba an gama cin moriyarsa. Ɗora shi a kan benci ka duba ta baya, in ya karkace gefe guda to tafiyar mai shi na farko ce za ka gada, har da ciwon gwiwarta. Akwai kuma irin ƙasan da ke rugurgujewa in takalmi ya daɗe a ajiye ba a sa ba, ka lanƙwasa shi a gaban mai kaya, ƙaramar tsaga ma ta ishe ka dalilin ajiyewa. Kada ka ji kunya, kuɗinka ne.

Ni dai ga mai zuwa aiki da kaftani, sandal na fata mai maɗauri ta baya na fi ba shi shawara. Yana shan iska a zafin Maris da Afrilu, cirewa a ƙofar masallaci ba wuya, in ya tsinke shushaina zai ɗinke maka a bakin ofis. Sharaɗin shi ne maɗaurin bayan da ƙasa mai ɗan kauri. Illarsa da hunturu take fitowa, ƙura da faso, sai an haɗa da man shafawa. Amma mai ciwon sukari ya bar sandal, ya sa rufaffe da safa, domin ƙafarsa na iya jin rauni bai sani ba, kuma raunin ba ya saurin warkewa.

Sau-ciki na fata, irin na ma'aikatan banki da ke kan titin Yakubu Gowon, yana iya tafiyar minti 15 in ƙasansa roba ne, mai ƙasan fata kuwa santsi gare shi da damina. Silifas da mai tsini ba na wannan aiki ba ne. Hajiya, ki bar mai tsinin ya jira ki a ofis, ki sa shimfiɗaɗɗe a jaka.

Ko wanne ka zaɓa, da yamma za ka je gwaji, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da kake sawa. Ka gwada duka biyun a tsaye, don ƙafa ɗaya takan ɗara 'yar'uwarta, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. In mai shago ya ce "Alhaji ai zai buɗe in an sa," fata tana ɗan buɗewa ta faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa, sai ka ce ya kawo lamba ta gaba.