Sa Ido Kan Manufar Sauyin Yanayi: Majalisar Shugaban Ƙasa Ko Kwamitin Masana?

Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin sabunta alƙawuranta na rage hayaƙi mai ɗumama duniya duk shekara biyar, amma ta bar wa ƙasashe zaɓin wanda zai sa ido a kan aikin a cikin gida.

Najeriya, a dokarta ta 2021, ta kafa majalisar sauyin yanayi ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa. Amfanin hakan a fili yake, domin ministan muhalli ba ya iya tilasta wa takwaransa na man fetur ko na kuɗi, alhali umarnin fadar shugaban ƙasa kowa yana jin sa. Sai dai a nan mai aikin shi ne mai bincikar kansa, kuma idan hankalin shugaban ya koma wani wuri, aikin na iya tsayawa cik.

Birtaniya kuwa, tun 2008, ta dogara ga kwamitin masana mai zaman kansa, wanda ke ba da shawara kan iyakar hayaƙin kowace shekara biyar, yana kuma miƙa wa majalisar dokoki rahoto duk shekara. A ganina wannan ya fi hana ɓoye gazawa, ko da yake kwamitin ba shi da ikon zartarwa, iyakarsa ya sa gwamnati ta ba da amsa.