Shafin ƙamus na Oxford a gwajin "peel off": inda ya gamsar da inda ya bar mai koyo a hanya

Duk wanda ya taɓa sayen ledar kariya ta fuskar waya ya ga 'yan takardun nan biyu da ke leƙowa a gefenta, ɗaya da lamba 1, ɗaya da lamba 2, kowacce ɗauke da umarnin "peel off". Masu liƙa ta a kasuwar Farm Centre ta Kano ba sa tsayawa karatu, hannu ya riga ya haddace: a goge fuskar wayar tas, a ɗaye ledar farko, a ɗora daidai, a kore iska da ɗan kati, sannan a ɗaye ta biyu. Ɗalibin da zai ci karo da kalmar a jarrabawar WAEC ko JAMB kuwa ba hannu zai cece shi ba, ƙamus yake buƙata. Shi ya sa wannan ƙaramin fi'ili ya dace a auna shafin Oxford Learner's Dictionaries da shi, tunda ma'anoninsa sun warwatsu daga kicin har filin ƙwallo.

Shafin shi ne fuskar intanet ta babban ƙamus ɗin masu koyo da A. S. Hornby ya assasa, wanda aka fara bugawa a Japan a 1942, Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na goma ya fito a 2020. Duba kalma a shafin kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Kuɗinka shi ne data da haƙuri da tallace-tallace, waɗanda a ƙaramar waya sukan ture rubutu ƙasa ana cikin karatu. Manhajar waya daban take, cikakkiyarta sai an biya.

Ga matsala ta farko, kuma ita ce mafi girma. Mai neman "peel off" zai rubuta kalmomin biyu a akwatin bincike, ya faɗa shafin da aka ware musu. A can zai tarar da ma'anar tuɓe tufafi, da ta zare takardun kuɗi daga damƙi, da ta mota ko jirgi ya ratse daga ayari. Ma'anar da ta kai shi, wato ɗaye leda ko ɓamɓarewar fenti, tana ƙarƙashin "peel" shi kaɗai, a sashen fi'ili. Masu ƙamus suna da hujja: a wannan ma'ana "peel" bai sauya ba, "off" ƙari ne kawai, kamar "away" da "back". Amma mai koyo bai san da wannan rabon gado ba. Zai karanta uku ya rufe, yana zaton ya gama, alhali uwar ma'anonin ta wuce shi. Dabarar ita ce a fara da "peel" tsurarsa, a zaɓi fi'ili ba suna ba, a karanta har ƙasa, sannan a taɓa mahaɗin da ke kai wa ga "peel off". Shafuka biyu ne, ba ɗaya ba.

In aka bi ta nan, aikin yana da kyau ƙwarai. Kowace ma'ana tana zuwa da tsarin jimlarta a rubuce da baƙi mai kauri, kuma wannan tsari ya fi bayanin kansa amfani. Shi ne ke nuna abin da Bahaushe ya fi tuntuɓe a kai. A Hausa muna cewa "ɓare lemo", mu kuma ce "ɓare ɓawon lemo", fi'ili ɗaya ya ɗauki 'ya'yan itacen ya ɗauki ɓawon. Turanci yana rabawa. Abin da ke bin "peel" shi ne lemon kansa, "peel the orange". Abin da ke bin "peel off" shi ne abin da aka cire, "peel off the skin". Wanda ya rubuta "peel off the yam" ya ce doyar ce aka ɗaye daga jikin wani abu, ba fere ta aka yi ba. Shafin bai faɗi wannan da baki ba, amma misalansa duka a kan wannan layi suke, mai lura zai gani.

Aikin "off" a nan ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Dubi "yanka" da "yanke": ka yanka nama, amma ka yanke reshe, wato ka raba shi da uwarsa. Abin da wasalin ƙarshe ya yi a "yanke" shi "off" ke yi. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin haddar.

Sai 'yar kibiya mai kai biyu da shafin ke sanyawa tsakanin "something" da "off". Mutane da yawa suna tsallake ta, alhali ita ce ke cewa abin da aka cire zai iya zama a tsakiya ko a ƙarshe: "peel the label off" da "peel off the label" duk daidai ne. Abin da kibiyar ba ta faɗa ba shi ne wakilin suna ba ya zuwa ƙarshe. "Peel it off" ake cewa, "peel off it" kuskure ne in ana nufin cire abin. Nan ne shafin ya ɗauka cewa ka riga ka sani, kuma irin wannan gurbi masu tsara tambayoyin jarrabawa suke so. Ƙari a kan haka, in za a ambaci inda aka ciro abin, "off" ɗaya ta wadatar: "peel the label off the bottle". Ba a ƙara "from" a bayanta.

Alamar da ke cewa fi'ilin yana iya zuwa da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ko babu, ita ma ta cancanci a tsaya mata. Bango mai danshi a damina, ko wanda aka shafa wa fenti siminti bai gama bushewa ba, fentinsa yakan kumbura ya riƙa saki falle-falle. Ba wanda ya cire shi, don haka "the paint is peeling off". Ana kuma iya ɗora maganar a kan bangon, a ce "the wall is peeling", ba tare da "off" ba. Haka fatar da ta ƙone da ruwan zafi take saɓa bayan kwanaki. Shafin ya raba ma'anar fentin da ta bangon a lambobi daban-daban, kuma ya yi daidai.

Inda ba zai taimake ka ba shi ne iyakar kalmar, domin bayanin duka da Turanci yake, kuma ba a rubuta shi da Bahaushe a rai ba. Mu muna da tarin fi'ilai a wannan fage, kowanne da gurbinsa. Ayaba da dafaffen ƙwai ana ɓare su da hannu, doya da rogo ana fere su da wuƙa, duka biyun Turanci "peel" yake cewa. To amma ɓare gyaɗa ba "peel" ba ne, "shell" ne. Feɗe ragon layya "skin" ne, wanda ya ce ya yi "peel" ɗin rago zai ba da dariya. Katin waya da ake kankarewa da tsabar kuɗi "scratch off" ne, ƙanzon tukunya kuwa "scrape off". Ma'aunin da ke raba su shi ne "peel off" na son abu siriri da ya manne, wanda zai taso a falle ɗaya ko a tsiri in aka ja shi a hankali daga baki: filasta a kan ciwo, sitika a gilashin mota, ledar sabon allon talabijin. In sai an sa ƙarfe an goga, an fita daga gonarsa. Ba shafi ɗaya a ƙamus ɗin da zai jera maka wannan, sai ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar tufafi tana ɗauke da alamar cewa maganar hira ce, kuma gargaɗin yana kan hanya. "Take off" shi ne cire kaya na yau da kullum, hula ko takalmi ko babbar riga. "Peel off" yana kawo hoton kayan da suka manne a jiki: singiletin da gumin watan Afrilu ya liƙe a baya, safa jiƙaƙƙiya, safar hannu ta roba da ma'aikaciyar jinya ke saɓulewa tana juya cikinta waje. Ba a yi wa hula "peel off", don ba ta manne da komai ba. "Strip off" kuma tuɓewa ce da sauri, sau da yawa har a yi tsirara, don haka a yi hattara da shi a rubutun makaranta.

Ta kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa ganin dillalin shanu ya zaro damƙin dubu-dubu daga aljihun gaba, ya lashi yatsa, ya zare biyar daga sama. Wannan zarewar ita ce.

Ta ayari ce shafin ya ɗan takura. Ya tsaya a kan motoci da jiragen sama, kamar babur ɗin rakiya da ke ɓallewa daga jerin gwano ya bi hannun dama. Amma mai kallon gasar Firimiya ta Ingila da sharhin Turanci zai fi jin ta a filin wasa, lokacin da ɗan gaba ya sulale daga jikin mai tsaron baya ya koma wajen turken raga na nesa yana jiran ƙwallo. Hoton ɗaya ne, abu ya rabu da abin da yake manne da shi, sai dai mai karatu ne zai yi wannan haɗin da kansa.

Abin da ya fi komai daraja a shafin ga mai jin Hausa shi ne maɓallan sauti biyu, na lafazin Ingila da na Amurka. "Peel" tarko biyu gare ta. Na farko "p", wadda bakinmu ke mayarwa "f", sai kalmar ta koma "feel". Na biyu tsawon wasali: Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe, shi ya sa harshe ke gajarta shi ba da saninka ba, "peel" ta zama "pill". In tarkon biyu suka haɗu, "fill" za a ji. Hanyar gyara ita ce a buɗe kalmomin huɗu, a saurari kowacce sau uku, a riƙe 'yar takarda a gaban leɓe. In "p" ta fito daidai, leɓɓa za su rufe ruf su buɗe da bugun iska, takardar ta yi tsalle. Sashen lafazi na jarrabawar WAEC yana tambayar bambancin waɗannan wasula biyu, don haka minti biyar ɗin ba asara ba ne. Sauti yana buƙatar intanet a kowane taɓi, inda sabis ke rawa sai an jira.

Ga ɗalibin babbar sakandare, malamin Turanci da mai fassara, shafin ya cancanci zama wurin dubawa na farko, muddin za a karanta tsarin jimla da misalai, ba layin ma'ana kaɗai ba. Wanda Turancinsa bai kai ya karanta bayani da Turanci ba zai sha wuya, gara ya haɗa da ƙamus na Turanci da Hausa ko malami a kusa. Malamin da zai koyar da wannan kalma kuwa ya shiga aji da lemo ɗaya, kwalba mai takarda a jiki da katin waya da ba a kankare ba, ya sa ɗalibai su faɗi jimlar kowanne kafin a buɗe shafin a duba wanda ya dace.